Moton da ya dafu a gonar Alhaji, da yadda muka sake zaɓar wani

Kafin a fara min dariya bari in warware wani abu, in nace moto ba motar hawa nake nufi ba, moton lantarki nake nufi, ɗan'uwan wanda ke juya fanka da sumon bohol, sai dai namu bai fi tafin hannu ba kuma farfelar jirgi mara matuƙi yake juyawa. Diron dai. Yara na yawan zuwa shagonmu su ce Oga wane moto zan saya, sunan kamfani kawai suke son ji, ni kuma abun da nake dashi labari ne na yadda lamba ɗaya da muka gani a talla ta kusa sa mu biya kyamarar da ko shagon muka sayar ba zai biya ta ba.

Mu uku ne a shagon, nan Tudun Wada a Kaduna ba nisa da tsohuwar kasuwar ƙarafa ta Panteka, ni da abokin aikina da muka gama makaranta tare, sai yaron shago. Abun da ke ciyar damu infata ne da sola, diron sha'awa ce ta kai mu, mun haɗa ƙanana muna ɗaukar hoton biki da na filaye. Wajen ƙarshen 2024 wani Alhaji mai gona a hanyar Kachia ya aiko a kira mu. Gona ce babba, ga mangwaro ga shanu ga sito, masu gadi basa iya zagaye ta da ƙafa cikin dare, yana son abun da zai tashi da kyamara ya bi iyakar gonar ya dawo, kamar minti 20 a sama. Maganar takardu shi ya ɗauka, don a ƙasar nan sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, balle Kaduna garin soja, NDA na nan, sojan sama na nan, ba garin da zaka cilla abu sama da ka bane. A nan ɗin ne ma aka ƙaddamar da Gulma a Disambar 2013 da Tsaigumi a Fabrairun 2018, jiragen sojan sama marasa matuƙi, to kaga mu ma kanmu na ɗan hayaƙi, muna jin ai garinmu ne garin abun.

Muka zana mai farfela shida, nauyinsa gaba ɗaya kilo 12. Batir sel 12 a jere, bolt 50.4 in ya cika tam, ya sauko wajen 43 in ya kusa ƙarewa. Sai zaɓen moto. Irin wanda kowa ke sawa a diron shi ne BLDC, ba shi da buroshi, koyil ɗin, wato naɗin wayar, na tsaye a tsakiya, kwanon waje ne ke juyawa da maganaɗisu a manne a cikinsa, kwanturola da ake kira ESC ita ke ba koyil wuta bi da bi. Muka shiga intanet muka tarar da wani ɗan kasuwa a Caina, tallarsa tace KV170, farfela inci 18, yana ɗaga kilo 5. Muka buga, shida sau biyar 30, a raba da 12, ninki biyu da rabi kenan, alhali ƙa'idar masu haɗa diron ninki biyu ce. Kuɗinsa kuma kusan rabin na sauran. Abokin aikina yace mutumina me muke jira. Wallahi ko minti goma bamu yi muna shawara ba.

KV ɗin nan ba irin na layin NEPA bane, yana nufin sau nawa moton zai juya a minti kan kowane bolt ɗaya in ba a ɗora masa komai ba, wato KV170 a bolt 44 wajen juyi 7,500 kenan. Shi da ƙarfin murɗawa kishiyoyi ne, mai KV babba ɗan gudu ne amma abun da kowace amfiya, wato ma'aunin wutar da yake sha, ke ba shi na murɗawa kaɗan ne. Wannan mun sani tun a aji. Abun da ba ya cikin tallar, mu ma bamu tambaya ba, shi ne wane irin maganaɗisu ne a ciki, fanish ɗin koyil zafi nawa yake ɗauka, amfiya nawa zai iya sha ba tsayawa, kuma kilo 5 ɗin nan a wane gari aka auna ta, da wane batir, na daƙiƙa nawa.

Gwajin farko a Disamba muka yi, da sassafe, hunturu na kaɗawa kowa da rigar sanyi, ma'auni na nuna digiri 16. Ya tashi kamar shaho, minti 18 ya sauka, na haska kwanon moton da ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga da aka riƙa haska mana a goshi lokacin korona, digiri 58. Muka tafa. Alhaji yayi murna har da kyautar kaji.

Daga nan ne kaya suka fara hawa. Kyamarar farko bata gani sosai da dare, aka kawo babba mai gane ɗumin jiki. Masu gadi suka ce a sa fitila. Lokacin tashi ya ragu, muka canza batir daga mai ɗaukar caji mAh 16,000 zuwa mai 22,000, kuma da yake bai shiga gurbin tsohon ba sai muka ɗan ja shi baya. Kowane ɗaya in ka kalle shi ba komai bane, da muka ɗora a sikeli sai ga kilo 15. Na sake bugawa a waya, 30 a raba da 15, biyu cif, nace har yanzu muna cikin ƙa'ida. Kallon kitse muke wa rogo.

Bayan ƙaramar Sallah da kamar sati biyu, Afrilun 2025, Alhaji yayi baƙi yana son su gani. Muka isa tun kafin azahar, diron na bayan a-kori-kura cikin rana fiye da awa ɗaya muna jira a gama cin abinci, motocinsa baƙaƙe ne kuma, tun kafin a kunna in ka taɓa sai ka janye hannu. A inuwa ma'auni 39 yake nunawa. Tashin farko minti 12 lafiya lau. Aka ce a ƙara. Muka canza batir muka sake tashi nan take ko shan iska bamu bari yayi ba. Wajen minti na tara na ga a allo ana ta ƙara wa moton baya na dama wuta har ya kusa kai ƙarshe, kafin in ce a dawo dashi sai jirgin ya fara juyawa a hankali kamar mai neman alƙibla, yana sauka yana sauka, abokin aikina ya tura sandar har ƙarshe bai ji ba, ya faɗa cikin wani mangwaro. Hannuwan jirgin biyu suka karye, farfela uku, kyamarar Allah ya tsare rassa suka tare ta. Ba wanda ya ji ciwo. Da na hau na sauko dashi ƙauri kawai ke tashi, irin na fankar da ta ƙone. Alhaji bai ce komai ba gaban baƙi, wanda ya fi zagi ciwo.

A layinmu akwai wani dattijo, Baba muke ce masa, tsohon sojan sama ne ɓangaren lantarkin jirgi, yayi aiki a nan Kaduna zamanin da ake koyon tuƙi da Air Beetle, ƙaramin jirgin nan da aka riƙa haɗawa a garin nan. Bayan la'asar na same shi a ƙofar masallaci na zayyana masa, ina ta ɗora wa ESC laifi. Yace Injiniya, in yana son tsokanata haka yake kirana, je ka kawo min gawar duka shida, ka haɗo da sabo in kuna da saura, da injin huda na hannu da mita.

Ya fara da wanda ya ƙone. Yace juya shi da hannu. Na juya naji yana turjewa kamar an taka birki. Yace ka ji ko, koyil ya haɗe, shi moto mai maganaɗisu ko ka yanke masa wuta in dai yana juyawa janareta ne, yana haifar da wuta yana zuba ta cikin inda ya haɗe, sai ya zama birki mai zafi, ba ka da makunnin da zaka kashe maganaɗisu. Sai ya ɗaura sabon a bakin injin hudar, mai juyi 1,200 ne a minti, ya sa mita tsakanin waya biyu, bolt 5.0. Na gaba guda biyu 4.9. Na tsakiya 4.8 da 4.7. Na baya na hagu, wanda ido ke cewa lafiyarsa ƙalau, koyil ɗinsa ja sharr ko duhu bai yi ba, 4.2. Baba ya ajiye mitar yace ɗana wannan ma ya mutu, ba a dai sanar da danginsa bane. Kashi 16 cikin ɗari na ƙarfin maganaɗisunsa ya tafi kuma ba zai dawo ba.

Anan ne abun ya zauna min, don haka bari in tsaya a kai. Maganaɗisun irin waɗannan motocin na niyodimiyom ne, kuma aji-aji ne. Wanda lambarsa bata da harafi a ƙarshe, kamar N42 zalla, wajen digiri 80 ne iyakarsa. Mai M 100, mai H 120, mai SH 150, mai UH 180, mai EH 200. Kafin ya kai iyakar ma yana yin laushi, kusan kashi 0.12 cikin ɗari kan kowane digiri, sai dai wannan in ya huce yana dawowa. In ya wuce iyaka ga kuma wuta mai yawa na bi ta koyil tana tura shi baya, to wani ɓangare ya tafi kenan har abada. Waya kuma ta jan ƙarfe ce, turjiyarta na ƙaruwa kusan kashi 0.39 cikin ɗari kan kowane digiri. Zafin da koyil ke haifarwa kuma ba daidai yake tafiya da amfiya ba, in amfiya ta ninka biyu zafi huɗu yake ninkawa. To haɗa su ka gani. Daga kilo 12 zuwa 15 amfiya ta hau da kwata, zafi ya hau da fiye da rabi. Moton da ya tashi daga digiri 20 zuwa 100 maganaɗisunsa ya yi laushi da kusan kashi 10, dole ya ƙara shan wuta kafin ya bada murɗawar da yake bayarwa da, waya kuma turjiyarta ta hau da kusan kashi 31, zafin da yake haifarwa ya zama wajen ninki ɗaya da rabi da ɗoriya kan aiki iri ɗaya. Zafi na kawo shan wuta, shan wuta na kawo zafi, haka suke ta miƙa wa juna har fanish ya narke. A Disamba moton ya ɗora digiri 42 kan 16. A Afrilu ya ɗora kusan ninki biyun haka kan 39, na baya kuma sun fi kowa shan wahala saboda batirin da muka ja musu. Lissafin ya kai mu wajen 120. Da muka matsa wa mai sayarwa da tambaya a saƙo, da ƙyar ya amsa cewa N ne zalla.

Saura tambayar da ta fi damuna, me ya sa biyar ɗin da suka rage basu riƙe shi ba, ai dalilin yin shida kenan. Amsar iska ce da batir. Kaduna na wajen mita 600 sama da teku, in ka haɗa da zafin Afrilu iskar ta fi wadda ake lissafi da ita a littafi sirantaka da kusan kashi 14, ita ta littafin kilo 1.225 ce a cikin akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi a bakin teku a digiri 15. Farfela sai ta ƙara gudu kafin ta kamo abun da take kamowa da, gudun kuma bolt ne ke masa iyaka, bolt ɗin kuma na sauka yayin da batir ke ƙarewa. Daga baya da muka auna sabon nan da ya rage, da rana, a bolt 43, kilo 3.4 ya ɗaga. Ba 5 ba. Kuma in ɗaya ya mutu a mai shida, dole a rage wa na ɗaya gefen da ke kallonsa don kar jirgin ya kife, kusan huɗu ne ke ɗaukar kayan. Huɗu sau 3.4 bai kai 14 ba, mu kuma 15 muka ɗora.

Baba ya daɗe yana mana hira ranar har aka kira magariba. Yace a jirgin gaske ba wanda ke sayen moto da lambar ƙololuwa, ana tambayar kilowat nawa yake bayarwa kan kowane kilo na nauyinsa ba tsayawa, a wane zafi da wane tsayi, sannan in zai mutu ta yaya zai mutu, zai tafi shi kaɗai ko zai ja wasu. Akwai littattafan gwaji, DO-160 na jiragen farar hula, MIL-STD-810 na kayan sojan Amurka, ana gasa abu a daskarar dashi a girgiza shi a busa masa yashi da ƙura kafin a yarda ya hau. Nauyi kuwa shi ne sarki, shi ya sa wutar cikin jirgi ta gargajiya bolt 115 ce mai bugu 400 a daƙiƙa maimakon 50 ɗin NEPA, don taransifoma da moto su ƙanƙance. Tankoki da sauran motocin hawa na soja bolt 28 suke amfani dashi, amma jirgin yaƙi F-35 bolt 270 ne, dalili a fili yake, kilowat 10 a bolt 28 amfiya 357 ce, waya kamar igiyar rijiya, a 270 kuma 37 kacal. Ni kuma na ƙara masa da abun da na karanta, Siemens sun yi moto mai kilo 50 da ke bada kilowat 260, ya tashi da ƙaramin jirgi Extra 330LE a Jamus a 2016, wato sama da kilowat 5 kan kowane kilo. Boeing 787 birkinsa na lantarki ne, iskar da fasinja ke shaƙa ma moto ne ke matso ta. Tankar Jamus Leopard daga samfurin 2A5 aka cire haidurolik daga abun da ke juya kanta aka sa lantarki, don man haidurolik mai matsi in aka huda shi gobara ce a kan mutanen ciki. Baba yace to ka gani, duk inda aka cire bututun mai aka sa waya, wahalar bata ɓace ba, ta koma wajen wanda zai fitar da zafi.

Sati guda muka yi muna gardama ni da abokin aikina kan me za a saka. Shi ya fara da cewa a kai wa masu naɗin koyil na Panteka su sake naɗa su da KV ƙarami, ai gwanaye ne, kuma gaskiya gwanaye ne. Baba yace naɗi baya dawo da maganaɗisu, kuma in ƙarfen ciki ɗaya ne, yawan jan ƙarfen da ramin ke ɗauka ɗaya ne, ko ka yi zagaye da yawa da siririyar waya ko kaɗan da mai kauri, zafin da zaka samu kan murɗawa iri ɗaya kusan ɗaya ne. Wannan ta mutu. Moto mai buroshi ko tattauna shi bamu yi ba, tartsatsi yake yana damun rediyo, buroshin kuma na cinyewa. Yaron shago ya tambaya me zai hana a sa irin na injin niƙa da sumo tunda su basu da maganaɗisun da zai dafu, tambaya ce mai kyau wallahi, irinsu akwai juriya kamar jaki, in ka yanke wuta kuma shikenan ya zama ƙarfe, sai dai a wannan girman nauyi gare su kuma cikin da ke juyawa shi ma zafi yake haifarwa, a famfo ba damuwa, a sama kowane giram batir ne ke biyansa. Akwai wani kuma da ake kira SRM, abun da ke juyawa a cikinsa ƙarfe ne zalla mai haƙora, ba waya ba maganaɗisu, shi ya sa masu binciken jiragen yaƙi suka daɗe suna sha'awarsa a wurare masu zafi kusa da inji, in layi ɗaya ya mutu saura na ci gaba, amma ƙara gare shi, murɗawarsa na fizga, kuma ba inda zamu samu ɗan ƙarami da kwanturolarsa a kasuwa.

Wanda ya ɗan ja ni shi ne mai maganaɗisun samariyom da kobalt, irin wanda ake sawa a kayan jirgi da na soja, yana aiki a digiri 250 har sama, laushinsa kan kowane digiri wajen sulusin na niyodimiyom ne. Amma bai kai shi ƙarfi ba, ga tsada ga saurin fashewa kamar tangaran, kuma a wannan Afrilun na 2025 dai Caina, wadda ita ke yin mafi yawan irin waɗannan maganaɗisun a duniya, ta sa sai da lasisi kafin a fitar da samariyom da disfurosiyom da wasu 'yan'uwansu. Disfurosiyom ɗin ma shi ake ɗan zubawa a manyan azuzuwan niyodimiyom don su jure zafi. Ra'ayina dai, wanda zai kai moton diron gona digiri 200 ba maganaɗisu ne matsalarsa ba, zanen ne ya lalace tun farko. Sai muka tsaya kan BLDC ɗin dai, amma babba, mai SH, mai fanish ajin H wanda ke ɗaukar 180, da babbar farfela mai tafiya a hankali, don farfela mai faɗi tana tura iska mai yawa a sannu kuma hakan ya fi araha a wuta kan tura kaɗan da gudu.

Wannan karon guda ɗaya-ɗaya muka sayo daga iri biyu, ba shida ba. Wani mai walda a Panteka ya haɗa mana ƙarfe mai siffar kusurwa, moto a sama, ɗaya ƙafar na danna sikeli, da keji na raga kewaye don farfela inci 26 in ta tsinke ba wasa bane. Kafin kayan su iso damina ta sauka gari yayi sanyi, sai muka roƙi wani mai kwantena ya bamu aro da rana tsaka, ciki na kai 41, muka manna wayar auna zafi a jikin koyil da gam. Sharaɗin da muka rubuta a bango da alli: kilo 3 na minti 25 ba tsayawa, sannan wuta duka na daƙiƙa 30, zafi kar ya wuce digiri 80, kuma zafin ya tsaya wuri ɗaya, ba wai lokaci ya ƙare yana kan hawa ba. Na farko, KV120 da inci 22, ya fi sauƙin nauyi kuma ni shi nake so don ba sai mun canza hannuwan jirgin ba. Minti 25 ya cika yana 96 yana kan tafiya. Na biyu, KV100 da inci 26, a minti na 14 ya kai 67 ya zauna nan kamar an dasa shi. A bolt 43 da wuta duka ya ɗaga kilo 5.5, huɗu sau haka 22. Muka sa shi a injin hudar Baba kafin gwaji da bayan ya huce, bolt 8.5 da 8.5.

Ba kyauta muka samu ba. Kowane moto ya fi tsohon da giram ɗari da 'yan kai, hannuwa sun ƙara tsawo, jirgin ya koma kilo 16 kuma baya shiga bayan mota sai an naɗe shi. Babbar farfela bata saurin amsa umarni kamar ƙarama, in iska na kaɗawa sai ka ga yana ɗan lilo, sai da muka kwana biyu muna gyara saitin kwakwalwarsa. Amma a tsaye a sama wutar da yake sha ta sauko daga amfiya 55 zuwa 38, lokacin tashi daga minti 19 ya koma 27 da batir ɗaya. Batirin ma mun dawo dashi tsakiya, muka sa ESC mai turo zafi da amfiyar kowane moto zuwa allo.

Ƙura ita ce bamu gama da ita ba. Jar ƙasar nan tamu akwai ƙarfe a cikinta, maganaɗisu na tsince shi, in ka buɗe moton da ya sha tashi a gona zaka ga baƙin gari ya yi gashi a jikinsa, tsakaninsa da koyil kuma ratar bata kai milimita ɗaya ba. Kar ma ka kuskura ka buɗe moto a cikin Panteka inda ake gurza ƙarfe, mun yi sau ɗaya mun sha wahalar sharewa da salatif. In ka rufe moto ruf ƙura bata shiga amma zafi baya fita, in ka bar shi a buɗe ya sha iska ya sha ƙasa. Mun ɗauki mai rufi rabi da 'yar fanka a cikin kwanon, boris mai murfin roba, kuma masu gadi sun san doka, daga kan tamfol ake tashi, a inuwa ake jira, tsakanin tashi da tashi minti goma.

Da muka je wa Alhaji da lissafi nace ranka ya daɗe hannuwa da farfela da tsofaffin motoci namu ne, mu muka zaɓa, bambancin kuɗin sababbin ne muke roƙon ka cika. Yace Malam da kun faɗa min tun farko ai da na biya. Ban ce komai ba, don tun farkon mu ma bamu sani ba.

Watan jiya direbansa ya kawo mana lasifika a kwali, wai Alhaji yace a ɗaura don masu gadi su riƙa yi wa masu shigowa magana daga sama. Yaron shago ya ɗora ta a sikeli tun kafin in ce masa, kilo 1.4. Tana nan kan kanta kusa da moton da ya ƙone, na ce wa direban ya gaya wa Alhaji sai Maris in zafi ya dawo mun koma kwantena da ita tukuna.